Farin ɗigon da aka gani a hoton ƙirjina

Wata takwas na yi ina shan ƙwayar potasiyam kafin tarin ya fara. Asalin abin daga maganin hawan jini ne, irin mai sa fitsari, wanda na shekara shida a kansa. Irin wannan magani idan yana fitar da ruwa da gishiri daga jiki, har da potasiyam yake kwashewa. Da ɗaurewar sharaɓa cikin dare abin ya soma, sai kasala ta biyo baya, sai kuma zuciya ta riƙa yin wani ɗan tsalle da ban saba ji ba. Da aka auna jinina aka samu 3.1. Likita ya ce na mai lafiya tsakanin 3.5 da 5.0 yake zama, ya rubuta min potasiyam kulorayid mai miligiram 600, irin mai narkewa a hankali, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Ya yi min gargaɗi, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce a sha bayan cin abinci, da cikakken kofi na ruwa, kada a tauna, kada a fasa, kuma kada a kwanta sai an yi kamar rabin awa. Na ji da kunnen dama ya fita ta hagu. Ni mutum ne mai alfahari da iya haɗiyar magani babu ruwa, in ma na sha, kurɓi ɗaya ne. Ta dare kuwa a bakin gado nake shanta in ja bargo. Sau da yawa nakan ji kamar ta tsaya min a tsakiyar ƙirji, in daki wurin da hannu sau biyu in yi barcina.

Tarin busasshe ne, babu majina, babu zazzaɓi, kuma ya fi tsananta idan na kwanta. Da ya cika sati shida, 'yata ta ce ba za ta ƙara sauraron "zai wuce" ba. Likita ya fara da tambaya ko ina shan lisinofiril, wani maganin hawan jini, domin shi sananne ne wajen sa busasshen tari. Na ce a'a. Ya tambayi sigari, na ce na sha shekara 19, na bari shekara 11 da suka wuce. Ya ɗan yi shiru, sannan ya rubuta takardar hoton ƙirji.

Ranar hoton na makara. Na jefa ƙwayar a baki ina sa takalmi, na bi ta da kurɓin ruwa, na fita. Ba a yi minti arba'in ba ina tsaye a ɗakin eksire, riga a hannu. Mai ɗaukar hoton ta ce in manna ƙirji da allon, in riƙe ƙugu, in tura kafaɗu gaba, in ja numfashi har ƙarshe in riƙe. Na farko bai yi mata ba. "Baba, ba ka cika huhun ba. Sake ja, kamar za ka nutse a ruwa." Ta ce idan iska ba ta cika ba, huhu yakan fito a cunkushe, zuciya ta yi kamar ta ƙara girma, shi ya sa suke ƙirga haƙarƙari, su ga tara ko goma na baya sun bayyana. Aka sake, sannan aka ɗauki na gefe, hannuwa a sama. Babu wanda ya tambaye ni ko na sha wani abu da safen nan, ni ma bai zo min a rai ba cewa abin faɗa ne.

Bayan kwana biyu likita ya juyo min da allon kwamfuta. Baƙin nan iska ce, in ji shi, farin nan ƙashi, wannan kuma inuwar zuciya. Sai ya ɗora bakin biro a wani wuri can ƙasa, bayan inuwar zuciyar, kusa da ƙashin baya. Wani ɗan farin abu ne mai ɗan tsawo, girmansa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba, gefensa sumul.

"Malam, kada hankalinka ya tashi. Abu mai fari haka yawanci tsohon tabo ne, ko kaluluwar da ta daskare da alli bayan wani tsohon ciwo, kamar tarin fuka da jiki ya ci ƙarfinsa tun da daɗewa. Amma da shekarunka, da tarihin sigari, da tarin sati shida, ba zan yi zato ba. A yi siti-sikan, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla."

Kada hankali ya tashi. Ai tun kafin ya rufe baki hankalin ya riga ya tashi. Kwana tara ne tsakanin wannan zama da ranar da aka ba ni, kuma ban yi barcin kirki a ko ɗaya ba.

Matakin farko gwajin jini ne, domin za a sa min ruwan rini mai aidin ta jijiya don hanyoyin jini su fito sarai a hoton, kuma ƙoda ce ke fitar da wannan ruwa. Dole a san ƙarfinta tukuna. A nan ne potasiyam ya fara shigowa maganar, ta ƙofar da ban zata ba. Sakamakon ya fito da 5.9. Nas ta kira ni a waya ta ce in dawo yau-yau, kuma kada in sha ƙwayar dare. Na dawo gabana na faɗuwa, sai mai ɗibar jinin ya duba takarda ya ce jinin farko ya fashe a kwalba. Kashi 98 cikin ɗari na potasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyin halitta yake zaune, ɗan kaɗan ne ke yawo a ruwan jini. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe lokacin ɗiba, sai su zubar da nasu, na'ura ta karanta lambar ƙarya. Kuma ni da kaina na taimaka: jijiyata ta yi wuyar samu, an daɗe da ɗaure min hannu, ni kuma ina ta dunƙulewa ina buɗewa da ƙarfi don in nuna haɗin kai. Wannan ma yana ɗaga lambar. A karo na biyu ya ce in saki hannun kawai. Aka samu 4.1. Lambar tacewar ƙoda kuma 74, ya ce inda ake fara damuwa sosai da ruwan rini shi ne idan ta sauka ƙasa da 30.

Daga baya na gane dalilin da ya sa suka ɗauki abin da zafi. Mai shan potasiyam ƙodarsa ce garkuwarsa, ita ke zubar da rarar. Ranar da ta yi rauni, ƙwayar da jiya magani ce sai ta taru a jini, kuma potasiyam mai yawa yana iya rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, sau da yawa ba tare da wata alama mai ƙarfi ba.

A cikin daren rashin barcin nan ne 'yata ta zo min da wani sabon tashin hankali daga wayarta: wai potasiyam yana fitar da tururin nukiliya. "Baba, to ko shi ne ya haska a hoton?" Abin mamaki, rabin maganar gaskiya ne. A cikin potasiyam na duniya akwai wani nau'i da ake kira potasiyam-40, kimanin kashi 0.012 cikin ɗari, kuma yana fitar da tururin. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da potasiyam kamar giram 140, don haka kowa na yawo da ɗan wannan abu a jikinsa tun daga haihuwa, mai shan ƙwaya da wanda bai taɓa ganinta ba. Shan ƙwayar ba ya tara shi, tunda jiki yana riƙe adadin da yake buƙata ne ya zubar da saura. Kuma bai kai ya taɓa hoto ba ko kaɗan. A lokacin ɗaukar hoto, tururin da na'urar kanta ke bayarwa ya fi shi nesa ba kusa ba: a ma'aunin tururin, hoton ƙirji ɗaya kimanin milisibat 0.1 ne, siti-sikan na ƙirji kamar 7, alhali abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara yana tsakanin 2 da 3. Na kwantar mata da hankali da abin da ni kaina ban gama kwantar da nawa ba.

Kwana biyu kafin ranar sikanin aka kira ni a cike takarda. Ita ce takardar da ta warware komai, kuma saura kaɗan in cike ta da ka. Ko na taɓa samun matsala da ruwan rini? Ko ina da asma? Ko ina shan metfomin na ciwon suga? Ko ina da ciwon ƙoda ko na maƙoƙo? Sai layin ƙarshe: rubuta duk magungunan da kake sha. Na rubuta na hawan jini, na ajiye biro. 'Yata ta ce, "Baba, na potasiyam ɗin fa?" Na ce ai wannan ba magani ba ne, ƙari ne kawai. Ta karɓi biron ta rubuta da kanta.

Ma'aikaciyar da ta karɓi takardar ta karanta, ta ɗago kai. "Baba, wannan ƙwaya ce ko na ruwa?" Na ce ƙwaya, na zaro kwalin daga aljihu. Ta duba, ta ce in jira, ta shiga ciki da shi. Bayan ɗan lokaci likitan hoto ya fito da kansa, dattijo mai magana a hankali, ya kai ni ofishinsa inda hotona na farko ke kan allo.

"Malam, ranar da aka ɗauki wannan, ka sha ƙwayar nan?"

"Na sha, Likita."

"Da ƙarfe nawa? Da ruwa nawa?"

Na gaya masa. Ya ciro ƙwaya ɗaya daga kwalin, ya ɗaga ta kusa da allon, gefen farin ɗigon. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Siffar ɗaya ce.

Bayaninsa bai da wuya. Hasken eksire, wanda Rontgen ya gano a Jamus a 1895, yana ratsa abu ne gwargwadon nauyin sinadaran da ke cikinsa. Naman jiki yawanci haidurojin ne da kabon da naiturojin da oksijin, masu lamba 1 da 6 da 7 da 8 a jerin sinadarai, hasken yana wuce su cikin sauƙi. Ƙashi yana fitowa fari ne saboda kalsiyam, mai lamba 20. To potasiyam lambarsa 19, kulorin da aka haɗa shi da shi 17. Maƙwabtan kalsiyam ne na ƙut da ƙut. Idan aka dunƙule su wuri ɗaya a ƙwaya mai tauri da aka yi ta don kada ta narke da wuri, na'ura za ta gan ta kamar ɗan guntun ƙashi. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma haka take yi. Amma da zarar ta narke ta shiga jini, shi ke nan, ta ɓace wa na'ura. Potasiyam ɗin da ke cikin jini, ko 3 ne ko 6, ba ya canza kamannin huhu a hoto, ba ya haifar da tabo, ba ya ɓoye wanda ke akwai.

Hanyar abinci kuma, in ji shi, ta cikin ƙirji take bi, bayan bututun iska, bayan zuciya, sannan ta huda tantanin da ya raba ƙirji da ciki ta shiga tumbi. Hoton eksire shimfiɗaɗɗe ne, yana ɗora na gaba a kan na baya. Abin da ya maƙale a hanyar abinci sai ya fito a hoton da aka ɗauka don huhu.

Na ce, to a fasa sikanin mana. Ya girgiza kai. "Zato nake yi, Malam, ban tabbatar ba. Kuma ko da ƙwayar ce, ba ita ta amsa tambayar tarin ba. Sannan akwai wata tambayar: me ya sa ƙwaya za ta kai minti arba'in ba ta sauka ba?"

Sai ya yi min tambayar da ta fi daɗewa a raina har yau: ko ƙwaya ta taɓa sarƙe ni? Na tuna sau ɗaya, watanni baya, na ƙware da ita na yi ta tari har ta faɗo a tafin hannuna. Ya ce na yi sa'a da na gan ta da idona. A nan ne kaɗai, in ji shi, ƙwayar potasiyam take taɓa huhu da gaske. Idan ta kuskure hanya ta faɗa bututun iska, yawanci ɓangaren dama take bi, domin reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya fi miƙewa. Ba kamar tsakuwa ko maɓalli take ba, da za su zauna har a zo a ciro. Narkewa take yi a wurin, gishirin nan mai ƙarfi ya ƙona fatar cikin bututun, wurin ya kumbura, daga baya ya yi tabo ya tsuke. Mutum ya yi tari na ɗan lokaci ya manta. Bayan makonni sai hoto ya nuna wani yanki na huhu ya lotsa, ko ciwon nimoniya ya riƙa dawowa wuri ɗaya, ko a ga wani kumburi mai kama da ƙari. A zura kyamara a duba, babu ƙwaya, ta narke tuntuni, sai ɓarnar da ta bari. Idan mai ciwon bai tuna ranar da ya ƙware ba, likitoci sai su yi ta neman abin a wani wuri. Tsofaffi da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki su abin ya fi samu, saboda haɗiyarsu ta yi rauni.

Game da ranar sikanin, bai yarda ya ce min in bar ƙwayar da bakinsa ba. Ya ce wanda ya rubuta ta shi zai faɗa. Har ya ƙara da cewa masu daina sha da kansu saboda tsoron hoto su ne ke jawo wa kansu abin da suke gudu: idan potasiyam ya faɗi sosai, tsokoki suna rauni har da na numfashi, mutum ya kasa cika huhunsa, hoto ya fito a dagule, ga kuma haɗarin zuciya. Na kira likitana, ya ce in jinkirta ta safe zuwa bayan an gama, ta daren kafin sikanin kuma in sha da wuri, a zaune, da ruwa mai yawa.

Sikanin kansa bai kai tsoron da na ji ba. A inda na je awa 4 suka ce in yi ban ci komai ba, amma ruwa babu laifi. Aka ba ni rigar asibiti, aka sa min kanula a hannu, na kwanta rigingine a kan wani siririn gado, hannuwa bisa kai. Na'urar zobe ce babba, ba rami ba, kaina ma a waje yake. Gadon ya shiga ya fita, murya ta ce in ja numfashi in riƙe, daƙiƙa kamar goma. Sai aka ce za a saki ruwan rinin. Ma'aikaciyar ta riga ta gaya min abin da zan ji, kuma da ba ta faɗa ba da na ji kunya: wani ɗumi ya taso daga hannu ya bi wuya ya gangara har mara, ɗanɗanon ƙarfe a baki, da ji kamar na saki fitsari a kwance. Ban saki ba. Cikin minti ɗaya ya wuce. Duka-duka ban yi minti goma sha biyar a ɗakin ba. Suka zaunar da ni kamar minti ashirin a waje don su ga ko jikina zai yi gardama da ruwan, suka cire kanular, suka ce in sha ruwa sosai ranar. A nan bakin ƙofa na sha ƙwayata, da gorar ruwa guda, 'yata na kallo kamar mai gadin jarrabawa.

Sakamako ya ɗauki kwana uku. Huhu biyun tas, babu ƙari, babu tabon da za a bi, babu yankin da ya lotsa. Farin ɗigon kuwa babu shi babu alamarsa. Likitan hoto ya rubuta cewa mai yiwuwa ƙwaya ce a hanyar abinci, kuma da baki ya ce min kaluluwar da ta daskare ba ta tashi ta tafi yawo cikin kwana goma sha ɗaya. Siti-sikan yana yanka jiki ne faifai-faifai, yana kuma auna taurin kowane ɗigo da ma'aunin da ke ɗauke da sunan Hounsfield, Baturen Ingila da ya ƙera na'urar da aka fara gwadawa a kan mara lafiya a 1971: ruwa sifili, iska 1000 ƙasa da sifili, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Da wani abu mai tauri yana wurin, ba shi da maɓoya.

Amma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Hoton ya nuna saman tumbina ya ɗan zamo sama ta ramin tantanin nan ya leƙo cikin ƙirji, kuma bangon ƙarshen hanyar abinci ya yi kauri. Aka tura ni zura kyamara ta baki. Nan aka ga wurin ya yi ja, da wani ɗan gyambo mara zurfi daidai inda ƙwayar ke tsayawa. Ruwan tsamin ciki yana tasowa idan na kwanta, ga ƙwaya tana kwana a kan wurin tana ci. Ƙwannafin da nake ji jefi-jefi ban taɓa haɗa shi da tarin ba, ashe tasowar tsamin ciki tana cikin manyan dalilan busasshen tari mai daɗewa.

Aka ba ni maganin rage tsamin ciki na sati takwas, aka ce in ɗaga kan gado, aka kuma cire ni daga ƙwayar aka mayar da ni kan potasiyam na ruwa da ake tsarmawa a kofi. Likita ya ce duk wanda haɗiya ke ba shi wuya, ko wanda wani ɓangare na zuciyarsa ya kumbura har yana danne hanyar abinci, dama ba a so a ba shi mai taurin. Mun kuma yi maganar canza maganin hawan jinin gaba ɗaya. Ya ce idan aka koma irin su losatan ko sifironolakton, su riƙe potasiyam suke yi maimakon zubarwa, don haka ranar da aka canza, ranar za a sake duba ko ina buƙatar ƙarin ma sam. Mun bar wannan sai zama na gaba.

Tarin ya ragu a sati na uku, ya ɗauke a na shida. Gwajin jini na ƙarshe 4.0, an ɗiba hannuna a sake. Na ruwan nan kuwa, gaskiya ba shi da daɗi, gishiri-gishiri ne da ɗaci-ɗaci, kuma ɗanɗanonsa yakan zauna a harshe har tsakar rana. Na tambayi likita ko babu wata dabara, ya ce in ƙara ruwa, in sa mai sanyi, in sha a hankali bayan abinci. Ya ɗan rage. Sauran ƙwayoyin da ke cikin kwalin 'yata ta kwashe ta mayar wa mai ba da magani, ta bar min guda ɗaya da na roƙa, tana cikin ambulan ɗin da hoton farko yake.